Alhakin Wane ne Idan Babur Ya Ci Rai?

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Birnin Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza har Galmi, ta haɗa 'yan kabu-kabu da manyan motocin siminti da na albasa bisa kwalta guda, haka kuma reshenta da ya nufi Tawa ta Badagishiri, cikin yankin Illela. To, wanda ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsaya ninkuwa take yi sau huɗu, alhali galibin mahaya ba su da hular kwano.

Jama'a kan ce ƙaddara ce, kuma haƙiƙa ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma fuƙaha'un Malikiyya ba su taɓa mai da ƙaddara hujjar sakaci ba, domin kisan kuskure, bisa aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, yana wajabta diyya da kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ne a jere. Don gano mai alhaki ne jandarmomi ke auna sawun birki kafin a janye abin hawa, tunda babbar mota ba kullum take da laifi ba.