Kwaikwayon ba'a na fim ɗin kaboyi: misali daga shirin Red Dwarf

Abin da Faransawa ke kira parodie, wanda a nan za mu kira kwaikwayon ba'a, ba ya cin nasara sai mai kallo ya riga ya san ƙa'idojin abin da ake kwaikwaya. Domin nuna haka mun zaɓi kashi guda na Red Dwarf, shirin barkwanci na talabijin ɗin BBC a Ingila wanda ya soma a 1988. Kashin mai suna Gunmen of the Apocalypse ya fito a 1993, Rob Grant da Doug Naylor suka rubuta shi, ya kuma sami lambar yabo ta Emmy ta ƙasa da ƙasa a 1994.

Asalin shirin labarin sararin samaniya ne. A wannan kashi, cutar kwamfuta ta kama kumbon ƴan wasan, sai mutum-mutumin inji, Kryten, ya ɗauke ta a jikinsa don ya haɗa maganinta. Yaƙin da yake yi da cutar cikin ƙwaƙwalwarsa shi ne ya rikiɗe ya zama fim ɗin kaboyi: shi ne ɗan dokan gari, amma mashayi, ga ƴan bindiga huɗu sun ba shi wa'adin barin gari. Sunayensu Mutuwa, Yaƙi, Yunwa da Annoba, wato mahayan nan huɗu na ƙarshen duniya a al'adar Kirista. Abokansa uku suka bi shi cikin mafarkin ta na'urar wasa.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne sunan garin, Existence, ma'ana samuwa ko rayuwa. A fim ɗin kaboyi, korar mutum daga gari magana ce da kunne ya saba da ita. A nan kuwa ta ɗauki ma'ana biyu a lokaci guda, domin fita daga garin fita ce daga rayuwa. Kalma ɗaya ke riƙe da labarin duka, kuma a ganinmu nan ne marubutan suka fi gwaninta.

Sai saɓanin magana da muhalli. Rimmer ya shiga mashayar ƴan tauri cikin shigar jarumi, amma da ya buɗe baki sai ya nemi farin ruwan inabi da ruwan Perrier, abin shan ƴan gayun birni. Tufafi na Amurka, harshe da ɗabi'a na Ingila. Ko wurin ɗaukar hoton ma wani garin kaboyi ne na kwaikwayo a lardin Kent.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, suka ɗauki sunaye irin su Black Cooper, Zalika Souley kuma ta zama Reine Christine. Sai dai akwai bambanci babba. A Red Dwarf, duniyar kaboyi mafarki ce da ake farkawa daga gare ta. A wurin Alassane, samarin sun shigo da ita cikin ƙauye na gaske, suka ta da hankalin dattawa, wasan har ya kai ga kisa.