Kumburin Jiki: Saninsa da Maganinsa

Daga cikin larurorin da jama'armu suka fi yi wa mummunar fahimta akwai kumburin jiki, domin da zarar ƙafafun mutum sun cika, ko fuskarsa ta tashi, sai ka ji wasu sun ce sammu ne ya taka, wasu kuma su yi masa barka da ƙiba, alhali ruwa ne ya fita daga hanyoyin jini ya taru a cikin tsoka. Gane shi ba wuya: a danna ƙwaurin mutum da babban yatsa na ɗan lokaci, in aka ɗaga wurin ya zauna a lotse, to ruwa ne ba kitse ba.

Abin da ya wajaba kowa ya riƙe shi ne, kumburi alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, kuma galibi musabbabinsa yana ga zuciya, ko ƙoda, ko hanta. Idan zuciya ta raunana ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa yakan sauka ƙafafu, sa'annan ya hau huhu, har mutum ya riƙa haki, ya kasa kwanciya sai ya jingina da matasai. Idan ƙoda ce ta lalace, kumburin yakan fara daga fuska da ƙasan idanu da sassafe, fitsari ya ragu ko ya riƙa kumfa. Idan kuwa hanta ce, ciki ne ke cika da ruwa, wani lokaci tare da shawara. Yaron da aka yaye kan koko zalla, ba madara ba wake ba ƙwai, shi ma yakan kumbura, gashinsa ya yi ja. Wannan ita ce tamowar da likita Cicely Williams ta bayyana a Accra cikin 1933. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe suna tara ruwa a jiki, mai sha yana murna, cuta tana ginuwa.

Akwai wani babi da ya shafi gidajenmu kai tsaye, wato sha'anin masu jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa, jikinsu a kumbure, numfashi yana gagararsu, suka danganta lamarin da yawan shan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen riƙe ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya wahala. Iyayenmu mata da alheri suke nufi, amma al'adar da cutarwarta ta bayyana ta cancanci a sassauta ta. Mai ciki ma, in fuskarta da hannayenta suka kumbura, ga ciwon kai da gani dishi-dishi, a gaggauta kai ta awo, kada hawan jini ya kai ta ga jijjiga.

Game da magani kuwa, ƙa'idarsa ita ce a nemo asalin cutar, ta hanyar auna jini da fitsari da bugun zuciya a asibiti. Likita yakan ba da ƙwayar da ke sa yawan fitsari, irin su Lasix, amma haɗari ne mutum ya saye ta da kansa a kemis, domin tana iya ƙarar da gishirin jini ta illata ƙoda. Tsaga da ƙaho a kumburarriyar ƙafa ba su haifar da komai sai gyambo. Mai larurar ya rage gishiri da dunƙule da kanwa, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Ya kuma riƙa ɗora ƙafafunsa bisa matashi in ya zauna.

Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko numfashinsa ya sarƙe, kada ya jira wayewar gari. Neman magani ba ya kore tawakkali, jiki kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.