Wa Zai Riƙe Hannun Yaran Gandi?

A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni da na kewaye da shi, a ƙaramar hukumar Rabah ta Jihar Sakkwato. Waɗanda suka tsira suka kwashi 'ya'yansu suka gudu garin Gandi, aka sauke da yawansu a makarantar firamare. Ƙananan yaran da suka iso a ranar nan yanzu sun isa shiga sakandare. To, idan ɗayansu ya ci jarrabawa, wa zai kai shi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tun da ubansa ya rasa gona da shanu?

Ba mu ne muka fara yin wannan tambaya ba. Baƙaƙen fata na Amurka, jikokin bayi, sun yi ta kafinmu. Kwalejin Morehouse, inda Martin Luther King ya gama karatu a 1948, a cikin majami'ar Baptis ta fara a 1867. A 1944 kuma Dokta Frederick Patterson na makarantar Tuskegee ya ga kowace kwalejin baƙar fata tana roƙon taimako ita kaɗai. Sai ya haɗa kansu suka kafa asusu guda, UNCF, domin 'ya'yan talakawa.

A 1999 Bill Gates da matarsa Melinda suka ba da dala biliyan 1, aka danƙa wa asusun nan kula da shirin, domin ɗalibai 20,000 marasa hali, baƙaƙe da sauran tsiraru. Abin lura shi ne, ba kuɗi kaɗai aka ba su ba. An haɗa su da masu yi musu jagora da shawara, gama yaron da shi ne na fari a gidansu da ya shiga jami'a ba shi da wanda zai tambaya in abu ya rikice.

A ƙasarmu, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun rancen ɗalibai, NELFUND, ba tare da kuɗin ruwa ba. Amma sai wanda ya riga ya sami gurbi ne zai nema, kuma ta intanet ake cikewa. Kafin nan akwai kuɗin JAMB, da na mota zuwa wurin jarrabawa, da neman wanda ya san hanya. A nan ne yaron Gandi, ko na Wurno, ko na Goronyo, yakan tsaya.

'Yan'uwa, wannan bai fi ƙarfinmu ba. A cikin kowace ikilisiyarmu akwai malamai da nas-nas da ma'aikatan gwamnati. Zumuntar mata ko ta matasa za ta iya ɗaukar yaro ɗaya, ta biya masa kuɗin jarrabawa, ta sa mutum guda ya riƙa bin sawunsa har ya gama, ba tare da duban addini ko ƙabila ba.

Mu tuna, a Rabah ɗin nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Ya tashi maraya, dangi suka riƙe shi, har ya gama Kwalejin Katsina a 1931. Allah ya ba mu zuciyar yin haka.