Mahaɗin da ke Tsakanin Apache da Tomcat

Duk wanda ya nazarci jikin ɗan'adam ya san cewa fata ce ke fuskantar duniya, alhali hanta da ƙoda suna ɓoye a ciki suna aikinsu. Irin wannan tsari ne masana kwamfuta suka bi wajen gina shafukan intanet da dama.

Manhajar Apache, wadda ta fito a 1995, ita ce ke waje. Takan karɓi buƙatun masu ziyara ta ƙofa mai lamba 80 ko 443, ta miƙa musu hotuna da rubutun da ba ya canzawa. Amma idan buƙatar ta ƙunshi lissafi, kamar duba sakamakon jarrabawar ɗalibi, sai an nemi Tomcat. Ita Tomcat, wadda kamfanin Sun ya ba Gidauniyar Apache a 1999, mazauni ce ta ƙananan manhajojin da aka rubuta da harshen Java.

To, yaya saƙo ke isa daga wannan zuwa waccan? Akan ɗora wa Apache wani mahaɗi mai suna mod_jk, a nuna masa adireshin Tomcat da irin buƙatun da zai tura mata. Yakan dunƙule saƙon bisa ƙa'idar AJP, ya aika ta ƙofa ta 8009, sa'annan ya bar hanyar a buɗe domin saƙo na gaba. Idan Tomcat ɗin suna da yawa, yakan raba musu aiki. Tun daga 2005 kuma akwai mod_proxy_ajp a cikin Apache 2.2.

Sai dai akwai haɗari. Tomcat takan amince da abin da ya shigo ta wannan ƙofa, domin ta ɗauka daga Apache yake. A watan Fabrairu na 2020, masu bincike na kamfanin Chaitin da ke ƙasar Sin suka bayyana wata kafa da aka sa wa suna Ghostcat, wadda ke ba baƙo damar karanta fayilolin sirri muddin ya isa ƙofar. An toshe ta a Tomcat 9.0.31 da 8.5.51 da 7.0.100.

Saboda haka, wajibi ne mai kula da na'ura ya sabunta manhajarsa, ya sanya kalmar sirri tsakanin ɓangarorin biyu, ya kuma hana kowa isa ƙofa ta 8009 in ba Apache ba.