Taki, Gawo da Ƙurar Hunturu: Zagayen Abincin Shuka a Bakin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Tun da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, manazarta suka duƙufa wajen samar da kalmomin fannu. Sai dai sau da yawa akan garzaya ga aro tun kafin a binciki abin da ke cikin rumbun harshen. Wannan maƙala za ta ɗauki batu guda na kimiyya, wato yadda sinadaran da shuka ke ci suke fita daga ƙasa su sake komowa cikinta, domin a ga inda Hausa ta wadatu da inda ta gaza.

2.0 Daga Gona zuwa Turke

Masana sun nuna cewa shuka na bukatar sinadarai uku fiye da saura: naitirojin, da fosfaras, da fotashiyam. Duk damin geron da aka ɗauke daga gona ya tafi da wani kaso nasu. Idan ba a mayar ba, sai manomi ya ce gona ta gaji, kuma yawan wuta-wuta a cikin dawa kan zama shaida. A da, maganin gajiya shi ne a bar gona ta zama saura. To, a karkarar Kano, inda Michael Mortimore ya fara bincike tun shekarun 1960, yawan jama'a ya hana barin saura, amma ana noma gona ɗaya shekara da shekaru. Dalili shi ne kusan ba a yar da komai. Harawa da karmami su tafi turke, dabba ta ci, kashinta ya haɗu da toka da shara a juji, da rani kuma a ɗora wa jaki mangala a mayar gona. Makiyayi ma akan roƙe shi ya sauke garkensa a gona bayan girbi. Gara da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da wannan taki, su saki sinadaran yadda saiwa za ta iya sha.

Naitirojin shi ne ya fi ban mamaki. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, amma gero ba ya iya cin sa daga iska. Wake da gyaɗa ne ke da ƙawance da wasu bakteriya masu zama cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu, waɗanda ke kama shi su mai da shi abinci. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886. Bahaushe kuwa ya daɗe yana shuka wake a tsakanin hatsi. Gawo ma dangin wake ne, kuma yana kaɗe ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, don haka yakan ba shuka taki ba tare da ya tare mata rana ba. Ba banza manomi ke sare wasu itatuwa ya ƙyale gawo ba.

3.0 Ƙurar Hunturu

Fosfaras ba ya cikin iska kamar naitirojin. Daga dutse da laka yake fitowa, shi ya sa zagayensa ke da nawa. Amma iska takan ɗauke shi a ƙura. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma daga can ne hazo mai yawa ke tasowa ya sauka a gonakinmu. Wani binciken hukumar NASA ta Amurka da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara ke faɗawa dajin Amazon kowace shekara, ɗauke da fosfaras kimanin tan 22,000. An yi ta danganta wannan ga Bodele, sai wani binciken na 2020 ya ce mafi yawan ƙurar da ke kaiwa can daga yammacin Sahara take.

4.0 Matsalar Kalmomi

A nan za a ga cewa Hausa ta wadatu da kalmomin aiki: taki, saura, juji, harawa, jigawa, fadama. Inda ta gaza shi ne sunayen sinadaran, kuma a ra'ayin wannan marubuci aro ya fi ƙirƙira a wannan wuri, tun da manoma sun riga sun saba da yuriya da sufa a buhun takin zamani. Abin da ya kamata a daidaita shi ne rubutu, domin ana ganin naitirojin da nitirojin a littattafai.

Kalmar da ta fi wuya ita ce sunan tafiyar kanta. Kewaye da zagaye duka sun dace da ma'ana, amma dukkansu Bahaushe na sakaya zuwa bayan gida da su, kuma malamin aji ya san abin da yara za su yi da wannan. Juyi kuwa yana nuna sauyi, amma ba lallai ya nuna komowa mafari ba. Zagaye ya fi cancanta, muddin an liƙa masa abin da ke zagayawar, kamar a ce zagayen naitirojin ko zagayen ruwa.