Porsche ko Starlet: wace ce za ta iya rairayin Arewa?

A fadodin samarin Dogon Dutsi, da zarar an ɗora shayi a wuta, gardamar mota ba ta ƙarewa. Wani ya ce motar tsere irin Porsche ko taku ɗaya ba za ta yi cikin rairayi ba. Wani ya rantse cewa Peugeot 205, irin wadda ake gani a gari, ita ta cinye tseren Paris-Dakar. Kowace magana da ƙwayarta, amma ƙaiƙayi ya yi mata yawa.

A fara da Porsche. Cewa ba ta taɓa iya hamada ba, ba gaskiya ba ne. A 1984 Bafaranshe René Metge ya lashe Paris-Dakar da Porsche 911, ya sake lashewa a 1986 da Porsche 959, a shekarun da tseren ke ratsa Agadas da Tenere. Sai dai wannan 911 ɗin an sake mata zubi: an ɗaga ta sama, an sa tayoyinta huɗu duka suna ja. Wadda ake sayarwa a kasuwa kuwa cikinta dab da ƙasa yake. Daga Yamai zuwa Doso har Dutsi za ta ci kwalta kamar iska, amma in ta sauka daga babban titi a Kore Mai Ruwa ta nufi ƙauyukan Tibiri da damina, kwarin farko da ruwa ya zaizaye zai iya zaunar da ita.

Zancen 205 ya fi yaudara, domin sunan daidai ne. Ari Vatanen ya ci tseren da ita a 1987, Juha Kankkunen ya maimaita a 1988. Amma tasu, 205 Turbo 16, kamanni kawai ta ɗauko: injinta a bayan direba yake, inda ya kamata kujerar baya ta zauna, kuma tayoyi huɗu ke ja. Ta gari injinta a gaba, tayoyin gaba kaɗai ke jan ta.

Akwai kuma masu cewa ƙaramar mota ba ta ƙetare hamada. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun ƙaryata wannan tun 1980, lokacin da suka zo na uku da Renault 4, ƴar motar talakawan Faransa mai ƙofa a baya. Ita ma an taɓa ta, tayoyinta huɗu na ja, amma rashin nauyi ya taimake ta, don mota mara nauyi ba ta saurin nutsewa a yashi.

Maganar da ta fi kama da ƙarya ita ce ta gaskiya: tsohuwar 911 ba ta da lagireton ruwa. Har zuwa 1998 iska da baƙin mai ke sanyaya injinta, shi ya sa take ɗaukar sama da lita 10 na baƙin mai, alhali Toyota Starlet mai injin 1.3 kusan lita 3 sun ishe ta.

A wajen gyara ne Starlet ke yi wa Porsche fintinkau, ba a gudu ba. An daina ƙera tsohon samfurinta a 1999, amma har yau tana cikin motocin tasi na Yamai, don haka kayan gyaranta sun wadata, sababbi da na hannu. Makanike zai kwanta ƙarƙashinta a inuwar dalbejiya, ya sauya abin da ya karye kafin la'asar, a ɗura mata man ruwa-ruwa na kwalba ta kama hanya. Tsohuwar Porsche kuwa, ƙaramin ƙarfe ɗaya in ya lalace sai an yo odarsa daga Turai, mai ita ya hau kabu-kabu yana jiran saƙo ya iso Yamai.