Yadda sukarin da ya yi yawa a jini ke ɓata rubutun da ke cikin jikinmu

Idan muna yi wa masu ciwon sukari tafinta a gaban ma'aikatan lafiya, akwai tambayar da ke yawan dawowa: "Tunda ba na jin ciwo, don me zan ci gaba da shan magani?" Amsar tana da tsawo, ga jama'a a layi suna jira, shi ya sa muka kawo wani ɓangarenta a nan.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da likitoci ke kira DNA. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C, jere da su wajen biliyan 3. Shi ƙwaya ke karantawa ta san aikinta, shi take kwafewa idan za ta rabu biyu.

Tuwo, shinkafa ko kunun da muka sha suna zama sukari a jini, ƙwayoyi su farfasa shi su sami ƙarfi. Amma kamar yadda itace ba ya ci babu hayaƙi, wannan aiki ma yana barin ɗan wani sinadari mai suna metilgilayoksal. Ko mai cikakkiyar lafiya jikinsa na yin sa kullum. Halinsa shi ne manne wa abin da ya tarar, a kan DNA kuwa ya fi kama harafin G. Ku ɗauka katin rajista ne mai ya ɗiga a kan harafi ɗaya na sunan mutum: mai kwafewa zai iya rubuta wani harafi daban, daga nan kuskuren ya bi duk takardun da za a yi gaba. Wani lokaci ma zaren tsinkewa yake yi. Wannan ɓarna dangi ce ga abin da ke sa ɓawon burodi ya yi ja a wuta, wanda wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. A cikin jiki a hankali take tafiya, shekara da shekaru.

Allah bai bar jiki haka ba. Akwai sinadarai masu shara, ana kiransu gilayoksales, da ke mayar da wannan guba abu marar lahani, akwai kuma masu gyaran harafin da ya ɓaci. Matsala tana farawa ne idan sukari ya daɗe a sama, shara ta fi ƙarfin masu sharewa. Jijiyoyin ido, ƙoda da ƙafa na cikin waɗanda ke fara jin jiki, mai su kuwa bai ji komai ba tukuna.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo sun nuna cewa metilgilayoksal na iya kashe aikin BRCA2 na ɗan lokaci, wato ɗaya daga cikin masu gyaran DNA da ke tare ciwon daji. Wannan ne ya fi tsaya mana a rai: abin ya ɓata rubutu, ya kuma hana mai gyara aiki.

Kada dai a juya maganar. Ba a ce duk mai ciwon sukari zai kamu da daji ba, ba a kuma ce a daina cin tuwo ba. Mai shan maganin sukari da ya zauna da yunwa zai iya suma. Abin da ake gudu shi ne sukari ya yi wata da watanni a sama.

Mai wannan ciwo ya tambayi ma'aikacin lafiya ko ana gwajin HbA1c. Jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kimanin kwana 120, sukari na manne musu a tsawon wannan lokaci, don haka gwajin yana nuna halin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Wanda maganinsa ya kusa ƙarewa ya je da katinsa tun da sauran na 'yan kwanaki a hannu.